Ƙwaƙwalwar Kwamfutar Husaini

"Lafiya lau, bawana. Ina gawar da ka kira ni in yi wa wanka?"

Saratu ke nan, mai gyaran kwamfuta a Dungas, tana shiga shagon taubashinta Husaini, ɗan gwaggonta marigayiya. Gawar kuwa tsohuwar kwamfutarsa ce, da an ce ta buga takarda sai ta sandare. Ga shi gobe ranar kasuwa manoman Dogo-Dogo za su zo karɓar katunan ƙungiyarsu, in bai buga ba aikin ya koma Magarya ke nan.

Husaini ya ce ba ta mutu ba, tunani take yi, abin da ba a sani ba a gidan su Saratu.

Ta duba, ta kwashe da dariya. Memwar ɗin, inda injin ke riƙe abin da yake aiki a kai, bai fi cikin cokali ba. Amma cibiyar tsarin da ke tafiyar da kwamfutar ta loda pilot kusan ashirin, 'yan manhajojin da ke magana da kowace na'ura, kowanne ya kama wuri ya zauna ko da aiki ko babu.

"Har da na injin bugawar da ya ƙone shekara biyar. Jira kake ya tashi?"

"Mu muna da amana, ba irinku ba."

Ta gargaɗe shi duk wanda ta cire, na'urarsa ta daina aiki. Ya ce ta haɗa da bakinta. Ta yi ta korarsu yana ja mata Allah ya isa, har saura na bugawa da na sauti, amma injin bai daina nishi ba.

"Sauti zai tafi. Bebiyar kwamfuta ta dace da kai, surutunka ya ishi mutum biyu."

"Wannan kam a'a."

Ta ce to ya buga katunan da waƙoƙinsa. Sai ya miƙa hannu ya danna wani abu. Muryar Gwaggo, wadda ya naɗa kafin ta rasu, ta fito tana masa faɗa ya ci tuwo kafin ya huce. Ya ce kullum da ita yake buɗe shago.

Kewa ta kama Saratu, idonta ya ciko. Ta jawo tata kwamfutar daga jaka, ta kwance bayanta, ta zare ɗaya daga cikin memwar biyun da ke ciki. Aka yi sa'a ya shiga tasa.

"Taki fa? Za ta yi nauyi."

"Ta yi mana. Kada ka fasa kai, ba don kai ba ne. Gwaggo na ba wurin zama."