Jinin da Na Gani a Ƙarƙashin Motata

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na tara wa kaina mutane a Bukkuyum, da ƙafata na je na kira su. Lokacin watana bakwai da zuwa garin a matsayin malamin gona, iyalina suna can gida, ni kaɗai a ɗaki sai rediyo. Kaɗaicin ne ya kai ni Anka na sayo tsohuwar motar tsere mai ƙofa biyu a hannun wani mai haƙar zinari a Bagega. (Na ɗauka za ta jawo mini abokai. Ko buhun gero ba ya shiga cikinta, wa zai kula ta?)

Mutum ɗaya ne ke zama da ni a garin, Baba Dikko, wani tsoho maƙwabcina mai kiwon kaji. Kullum bayan la'asar zai jawo tabarmarsa ƙofata mu sha shayi. Ba ma wata doguwar hira, amma a wuni duka wannan ne lokacin da nake jin ni ma mutum ne.

Bayan na dawo daga Adabka, garin da hanyarsa duk duwatsu ce, sai motar ta fara nawa. In na sa giya sai ta yi jim, ta yi gurnani, sannan ta zabura. Washegari na ga jan abu a ƙasa, daidai ƙarƙashinta. Kwana uku a jere ina share shi yana dawowa. Nan take na gama bincikena: jini ne, an ɗaure mini mota. Wa ke zagaya ta bayan asuba yana shafawa? Baba Dikko. Wa ya ce jan zakaransa ya ɓace? Baba Dikko. (Kunya ba za ta hana ni faɗa ba, har wani daɗi na ji a raina, wai na kai a yi mini hassada.)

Na kira mai unguwa da liman, jama'a suka biyo su. Na nuna ƙasa, na nuna tsohon, na yi bayani kamar a kotu. Baba Dikko ya dube ni ya ce, "Ɗana, ni in na yanka zakara, ci nika yi."

Cikin 'yan kallo akwai Malam Sani bakanike. Ya tsuguna, ya dangwala yatsa, ya shinshina. "Malam, wanga ba jini ba na. Man giya na, haka kalatai take. Ina kat tahi da ita?" Na ce Adabka. Wurin ya ɓarke da dariya.

Ya ɗaga motar da jak, ya wanke ƙasanta, ya shimfiɗa kwali, ya ce in tayar. Ga shi nan yana ɗiga daga tiyon da ke kai man wurin lagireto, dutse ya tsaga shi. Ya canza tiyon, ya ɗaure, ya cika mai. Kafin azahar mota ta warke sarai.

Na je har zaure na ba Baba Dikko haƙuri, ya ce ba komai, ya yafe. Kuma na yarda ya yafe, don bai fasa amsa gaisuwata ba. Tabarmar ce dai ba ta sake zuwa ƙofata ba. Sati biyu ina dafa shayin mutum biyu, ina shanye shi ni kaɗai, abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Tun daga nan, in na ga abin tsoro, yatsa nake fara sawa in shinshina kafin in buɗe baki. Gyaran tiyo rabin wuni ne. Na maƙwabci kuwa, har aka yi mini canjin wurin aiki ban samu bakanikensa ba.