Takalma Tara a Ƙofar Nene Zarnishan

"...lafiya lau, Nene. Ya ƙafa? Ya sanyi?"

"Sanyi ya fi ka kunya. Shi yakan yi sallama kafin ya shigo."

Ni ce Telli, katanga ɗaya ta raba ni da Zarnishan, kuma laɓe na yi ran nan, ba zan ɓoye ba. Ƙauyenmu na kan duwatsun Lerik, a da gida ashirin da shida ne ke hayaƙi, yau saura bakwai. An tafi Baku babban birni, an tafi Rasha, an tafi maƙabarta. Da ƙidayar jama'a ta zo, wa aka turo mana? Sabuhi, jikan Zarnishan! Ubansa Vidadi kuwa ya rantse tun bazara, in aka tarar ita kaɗai ce a gidan, zai zo da mota kafin ƙanƙara ta rufe hanya, ya kai ta Baku, bene hawa na tara. In ta tafi, ni da kerkeci za a bari a wannan gefen dutsen. Wallahi tsoro ne ya kai ni bayan katangar nan.

Ita ma tsoron ne ya sa tun da safe ta jera takalman mutum tara a bakin ƙofa.

Sabuhi ya dube su ya ce, "Ikon Allah! Nene, biki kike yi ba ki gayyaci angonki ba?"

"Wane ango? Kai da gashin bakinka ya fito rabi ya fasa? Rubuta mutum goma ka tafi."

"Ina suke?"

"Sun je ɗebo itace."

"Ba takalmi? Wannan fa na roba na Kaka ne, shekara sha biyu yana kabari."

"To ya bar gidan ne? Kullum sai mun yi faɗa da shi a mafarki. Sa shi."

"Wannan jan kuma na Goggo Afat ne da ke Rasha."

"Tana kira ranar Juma'a. Muryarta a ɗakin nan take kwana. Sa ta."

"Nene, ramin ƙarya ƙurarre ne."

"Na uwarka ya fi ƙurewa, da ta ce mana kyakkyawan yaro ta haifa."

Ya zauna ya buɗe 'yar na'urarsa a kan gwiwa. Ta zuba masa shayi.

"Shekarunki nawa?"

"Ɗari da talatin da huɗu."

"Bara tamanin da ɗaya kika ce wa likita."

"Likitan gwauro ne."

"Wane harshe kike yi?"

"Da Talishanci nake zagi, da Azarbaijanci nake ciniki, da Rashanci nake gaishe da jikokin da ba su san sunana ba. Da wanne kake son naka?"

"Na zagin, na fi sabawa. Saura tambaya ɗaya."

"Kada ka yi ta! Ba a ƙirga mutane, ɗan banza. Wancan karon da aka ƙirga mu, kafin rani gida huɗu sun rufe. Ƙasa mai mutum miliyan goma, tsohuwa ɗaya ce za ta ɓata muku lissafi? Ku je Baku ku ƙirga, can ake kwana wani kan wani kamar buhunan dankali."

"Ai can ake son kai ki. Ga ruwan zafi a famfo, ga akwatin da ke hawa da mutum sama."

"Akwati ɗaya zan shiga a rayuwata, shi ma kai za ka ɗauka, in ƙashin bayanka zai iya."

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Can ta yi ƙasa da murya ta ce, "Sabuhi, maƙwabciyarmu Gulbahar wata uku ta yi a benen ɗanta aka dawo da ita a kwance cikin akwati. Ina jin tsoro. Rubuta biyu kawai, kowa ya huta."

"Ba zan rubuta ƙarya ba, Nene. Ko na rubuta, Baba zai tambaye ni, kuma kin san ba na iya kallon idonsa. In kika faɗi a tsakar gida cikin ƙanƙara, wa zai ji? Ni ma tsoron nake ji."

Na ce a raina shi ke nan, an gama da mu.

Sai na ji ya ɗaga murya: "Goggo Telli, ɗankwalinki ya leƙo ta saman katanga! Ke mutum nawa ne a gidanki?"

Kunya ta kashe ni. Na ce, "Ɗaya."

"To ɗaya can, ɗaya nan. Nene, ko a ɗari da talatin da huɗu ba ki iya haɗawa ba?"

Zarnishan ta zabura. "Telli? A gidana? Matar da ta shekara talatin tana satar min tuffa?"

Na ce, "Reshen a gidana yake!"

"Minsharinta har awaki yake firgitawa! Gara in kwana da kerkeci."

Sabuhi ya ce, "Kerkecin ma ya nemi a sauya masa ƙauye saboda bakinki. Zaɓi, amarya: Telli ko hawa na tara. Da babu gara ba daɗi."

Ta dube ni, na dube ta. Idonta ya cika, nawa ma haka. Sai ta fashe da dariya, ta jawo safar ulu da ta saƙa ta jefe shi da ita a fuska.

"Ungo, munafuki, ɗan hakin da ka raina. Rubuta biyu. Amma ka sa ni a sama, ita a ƙasa."

Da la'asar ya ɗauko min katifata da tukwanena. Ni na sa wa gidana kwaɗo da hannuna, gidan da na haifi 'ya'ya biyar a ciki, makullin ya ƙi juyawa sai a karo na uku. Sabuhi ya tsaya a bayana, ya buɗe na'urarsa a hankali, a wurin adadin gidaje ya goge bakwai ya rubuta shida.