Lissafin da Aka Shafe da Fenti

"Ni nan da kuke gani," in ji Malam Nababa yana dukan teburin mai shayi a Bukkuyum, "ko jaki aka kawo mini aji, kafin damina ta fita ya haddace lissafin sau."

Abokina, ka san irinsu: baki kamar rediyo mai sabon batir, kai kuwa wayam. Farfesan Shayi ake kiransa, shi kuma yana amsawa da murna.

Ajinsa na firamare ya gaji da duniya, ko'ina ɓurma da tsaga. Nan ya ga dabara.

"Yara, ku dubi ɓurmar kwanon rufin can. Sunanta bakwai sau takwas, hamsin da shida. Tsagar bangon ga, shida sau tara, hamsin da huɗu. In kun manta, ku ɗaga kai kawai."

Haka ya raba wa kowace ɓarna lissafinta. Da ɓarnar ta ƙare, ya ba ƙadangaren bango tara sau tara. Washegari ya tambayi wata ɗaliba, Hure, ta yi ta dube-dube.

"Malam, tara sau tara ya shige rami."

"Ki jira shi, zai hito."

Amma sauran sun zauna daram, yara na amsawa kamar ruwan sama. Kan Nababa ya kumbura. Ya hau mashin har ofishin ilimi, ya gayyato sufeto ya zo ya ga abin al'ajabi. Sannan ya tasa ƙungiyar iyaye gaba.

"Baƙo babba zai zo, ku bar mini aji kamar garken awaki? Kunyarku ce, ba tawa ba."

Ya wuce Gummi ɗinkin babbar riga. Iyaye kuwa kunya ta kama su, suka kawo kafinta da magini, aka liƙe, aka shafe, aka yi fenti.

Ranar taro Nababa ya shigo bayan sufeto yana baza hannun riga, ya ga aji fes, har ya yi wa iyaye jinjina.

"Yallaɓai, zaɓi wanda kake so."

Sufeto ya nuna wani yaro, Halilu. "Shida sau tara?"

Halilu ya zuba wa bango ido, bango ya zuba masa. Aka koma kan Hure, bakwai sau takwas. Ta ɗaga kai, ajin duka ya ɗaga kai, har sufeto ya ɗaga yana neman abin da ake kallo.

"Mi kuke nema a sama?"

"Amsar, yallaɓai. Da can nan sama take."

Iyaye suka fara gyaran murya. Gumi ya jiƙa sabuwar shaddar Nababa.

"To Malam," in ji sufeto, "taimaka musu. Bakwai sau takwas?"

Nababa ya buɗe baki. Wallahi abokina, sai idonsa ya saci kallon kwano.

"Yallaɓai... kafinta ya rufe shi."

Sufeto ya jinjina kai, ya saɓa jakarsa.

"Kada ka damu, Malam, ba za mu bari basirarka ta lalace ba. Akwai wata makaranta can bayan Adabka, iska ta kwashe rufinta gaba ɗaya. Gobe ka kama aiki. Can har jami'a ka iya koyarwa."