Yadda Ake Zuwa Kumasi a Kan Albasar Wani, a Ci Tuwon Wani

Kai Yasir, jikana, buɗe kunnenka. Uwarka Umaima ta ce in tsorata ka, ka fasa tafiyar nan ta mota da ka ƙudura zuwa Gana, da jaka goye a baya kamar mai jego. Ta ce ranar da ka bar Karayen nan tamu ta wajen Aliero, ranar kwanon tuwona zai daina fitowa daga gidanta, kuma ka san tun rasuwar kakarka ita ke ci da ni. To ni Alu ban san tsoro ba balle in sammaka. Na taka Kumasi tun ubanka bai san hanyar kasuwar Jega ba. Bi abin da zan faɗa maka, na yi alkawari za ka je ka dawo da kumatu.

Mataki na 1: Zazzage jakar

Na leƙa cikinta. Tanti, man sauro, da wata fitila ta ɗaurawa a goshi. Farauta za ka? Zubar da su. Matafiyin ƙwarai da jaka wofi yake fita.

Mataki na 2: Yi bankwana gida-gida

Yaran yanzu sulalewa suke yi, sai dai a ga hotonsu a waya. Wauta ce. Ka bi Karaye lungu-lungu, ka ƙetara har Jiga Makera, kana faɗin za ka Gana. Babu gidan da ba shi da wani da ya bi motar albasa ya zauna can. Za a yi ta ba ka sallahu: daddawa, kuka, yajin tafarnuwa. Karɓi duka, ko da wuyanka zai sage. Kowane ƙulli tabarma ce da akushi. Wanda ka kawo wa daddawar uwarsa, kunya ba za ta bar shi ya bar ka a tasha ba. Otal na marasa dangi ne.

Mataki na 3: Hau albasa

Je Aliero inda ake lodi, ka haye saman buhuna. Kar ka shiga gaba, direba zai sa ka yi masa hira har muƙamuƙinka ya sauka. Za ka yi hawaye har Kamba, daga nan hancinka ya mutu, ka huta.

Takardunka ka riƙe su, amma ka sani wari ya fi su saurin aiki. Wani mai kaki a kan iyaka ya taɓa matsawa sai ya ga cikin jakata, alhali daddawa ta wuni a rana tare da albasa. Ya buɗe, ya rufe, ya ja da baya, ya yi mini addu'ar sauka lafiya da Faransanci. Ban ji ko kalma ba, amma na ce amin.

Mataki na 4: Kar ka cika bincike

Wata Hafsatu ta Jiga Makera ta taɓa ba ni ƙulli in kai wa wanta Usmanu. Na nemi kwatance, ta ce dogo ne. Da na isa zangon Hausawa a Kumasi, bayan la'asar na miƙe a masallaci na ce wane ne Usmanu na wajenmu. Sahu guda ya tashi, kowa dogo.

Ɗan boko irinka zai tsaya tambayar sunan uba. Ni kwance ƙullin na yi, na gutsura wa kowa, na ce ƙanwarka tana gaishe ka. Ɗaya ya ce shi ba shi da ƙanwa, amma ya share hawaye ya karɓa. Haka na yi ta zagaya gidajensu ina ci, har maɓallin rigata ya tsinke.

Mataki na 5: San lokacin tashi

Nama zai fara ɓacewa daga miya. Sannan miyar ta tsinke. Kar ka jira mai gida ya fara tambayarka ko motarku ta gama sauke kaya. Yi bankwana da kanka, su ma su ɗora maka nasu sallahun na gida, goro da atamfa. Atamfar da ta fi kyau ta uwarka ce, ko sunan wa aka faɗa. Kuma ka yi sauri, don kafin zanen nan ya iso, kakanka gari da ruwa zai riƙa sha.

A sani

In albasa ta ruɓe a ƙarƙashinka, ko aka sauke ka a dajin da ba ka san sunansa ba, ko ka faɗa hannun Usmanu na gaskiya, ba ruwana.

Ɗazu Umaima ta shigo da kwano, ta tsaya ba ta ajiye ba.

"Baba, ka tsorata shi?"

"Har kakkarwa yake yi, ɗiyata."

Sai ta ajiye. Saboda haka ka riƙa wucewa gabanta kana sunkuyar da kai, kuma kar ka tafi ranar da ta yi miyar kuɓewa. In takardar nan ta faɗa hannunta, kowa ya san ni ban iya boko ba. Garba mai cajin waya ne ya rubuta, shagonsa na nan bakin masallaci, kuma shi yana da mata mai dafa masa.