Anaruwa da Miyar Baƙon Japan

A garin Rafin Marke akwai wani mutum ana ce masa Anaruwa. Ba mugu ba ne, ba kuma malalaci ba. Matsalarsa ɗaya: yadda magana ta fito daga bakinka haka zai ɗauke ta, ba ragi ba ƙari. Gidansa daga shi sai matarsa Tasallah, da awaki, da kaji, da jaki. Ita kuwa Tasallah duk garin an san hannunta a girki. Ni dai har yau ban gane yadda aka yi suka haɗu ba, sai dai a ce ikon Allah.

Wata damina aka kawo wani baƙo daga ƙasar Japan, Malam Shimizu, ya ja wa mutane ruwan rafi zuwa fadama domin noman rani. Maigari ya ɗora wa Tasallah ciyar da shi. Ashe mutumin ba ya cin nama, ba ya cin kifi, tuwo kuma ya ƙi wuce masa. Kullum kwano ya dawo yadda aka kai shi. Ya rame, har ya ce ranar Juma'a zai koma birni, aiki ko rabi bai kai ba. Mata suka fara tsegumi a bakin rijiya, wai gwanar girki ta kori baƙo da yunwa. Abin ya ci Tasallah ƙwarai. Ta tambayi tafintansa, ya ce a can ƙasarsu miyar albasa ake yi masa da naman kaza, wannan farin tsiron da ke fitowa bayan ruwan sama, a zuba a kan shinkafa.

Wata rana ta wanke sabuwar tukunya ta kife, ta ce, "Malam, kada nama ya kusanci tukunyar nan." Tana shiga ɗaki Anaruwa ya ɗauki sanda ya kora awaki da kaji waje. Yana cikin haka sai ga Sarkin Fawa ya zo gaisuwa. Anaruwa ya shinshina rigarsa, ya ce, "Tsaya daga nan, Sarki. Kai ma ba ka shiga." Ya raka dattijo da sanda har bakin kasuwa. Sai da Tasallah ta aika da goro aka ba shi haƙuri.

Wata rana kuma ta aike shi daji neman naman kaza. "Na jikin suri ake ci, Malam. In ba tare da suri ka gan shi ba, kada ka kawo min." Can da azahar sai ga Anaruwa da jaki, ya saro rabin suri ya labta masa, naman kaza na tsaye a kai. Jaki na harbin iska, gara na zuba. "Ga shi tare da surinsa," in ji shi, yana washe baki. Naman kaza dai ya samu, mai kyau kuwa, amma kafin gari ya waye gara ta cinye tabarma da ƙasan zana.

Wata rana, ranar Alhamis ke nan, ranar girki na ƙarshe kafin tafiyar baƙo, ta ba shi ragowar shinkafar gidan. "Ka wanke ta sai ka ga ruwa ya yi garau." Ya ɗauki ƙwarya ya nufi rafi, ya tsoma, ya zauna yana jiran rafin damina ya yi garau. Sai da ta bi shi ta ƙwato ƙwaryar, ta ɗauraye da ruwan rijiya. Shinkafa ta jiƙu ta kumbura, kuma babu wata.

Ta yanka albasa cike da faranti, ta zuba a mai, ta barbaɗa ɗan garin fulawa. Sai ga ihu daga maƙwabta, maƙwabciyarsu Lantana na naƙuda, ana kiran Tasallah. Ta miƙa masa ludayi. "Kada ka ƙara itace. Ka yi ta juyawa sai na dawo." Haihuwa ta zo da gardama. Anaruwa na juyawa, la'asar ta yi, kaji suka dawo suka shige ɗaki, bai ko ɗaga kai ba. Da ta dawo ta leƙa tukunya, albasa ta narke ta yi duhu kamar maɗi.

"Wayyo Malam, ka kashe ni!"

"Kin dawo ke nan? In daina?"

Ba lokaci, ba sauran albasa. Tana hawaye ta zuba tumatir da daddawa da naman kaza, ta tsaida ruwa. Shinkafa kuma da ta nuna sai ta caɓe, ta manne da juna. Matar da shinkafarta ke fita wara-wara! Ta rufe kwano ta ce ita kunya ba ta barinta zuwa, shi ya kai.

A zauren Maigari baƙo ya buɗe kwano ya shinshina. Ya ɗebi loma, ya sake ɗiba. Jama'a na kallo ya share kwanon tas, idonsa ya kawo ruwa, ya miƙo a ƙara. Tafinta ya ce, "Ranka ya daɗe, wai haka mahaifiyarsa ke soya albasa sai ta yi duhu, haka kuma shinkafarsu take, mai danƙo. Ya ce ya fasa tafiya. Roƙonsa ɗaya, gobe a yi komai yadda aka yi yau."

Ashe Tasallah ta biyo baya tana laɓe a bayan katanga, ta rangaɗa guɗa. Da rani ya zo ruwa ya shiga fadama, matan rijiyar nan kuwa su ne suka riƙa zuwa koyon miya.

Amma washegarin wannan Alhamis, da sassafe, aka ji sallama a ƙofar Lantana. Mijinta ya fito ya tarar da Anaruwa da ludayi a hannu.

"A gaya wa mai jego ta shirya," in ji shi. "Baƙo ya ce yau ma a yi komai kamar jiya."