Ranar da Aka Auna Ni Kamar Buhun Gyaɗa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka ɗora ni kan sikeli a filin jirgin saman Kano ba, har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Lokacin ina akawu a wani kantin yadi a Kwari. Matata ta haifi ɗanmu na fari a gidan iyayenta a Jos, suna ranar Laraba da sassafe, ni kuma na ƙudurta sunan marigayi mahaifina zan sa masa. Maigidana ya yankar mini tikitin jirgin Talata da yamma. Zumuɗi ya hana ni haƙuri, na ce ni sai na safe.

Da gari ya waye na je ofishin kamfanin jirgin a Sabon Gari. Akawunsu, wani mutumin Zariya, ya yi mini bayani dalla-dalla (wannan kam ba zan yi masa sharri ba).

"Malam, na safe ya cika. Sai dai in sa ka cikin masu jira, in wani bai zo ba ka samu. Amma in na cire ka daga na yamma, wani zan ba wa kujerarka."

Na ce ya cire. Ni da na saba da tashar mota, inda mota ba ta taɓa cika? A matsa, a ɗora mutum kan kaya, a tafi.

Rabin unguwarmu ta Fagge suka yi mini rakiya, har da liman. Na zuba riguna uku, ɗaya kan ɗaya, na naɗa rawani, don surukai su san 'yarsu ba hannun banza ta faɗa ba. Ga shi dama Allah ya hore mini jiki.

Aka yi sa'a mutum ɗaya bai zo ba. Masu jira mu biyu ne, ni da wata malamar makaranta siririya mai 'yar jaka. Ni na riga ta ba da suna, don haka na miƙe ina gyara rawani. Sai ma'aikacin wurin ya nuna mini sikeli. Ashe jirgin ƙarami ne, ana auna fasinja da kayansa, nauyin da ya rage kuwa kaɗan ne.

Na hau. Ya duba, ya girgiza kai.

"Malam, ka yi nauyi."

"Ni buhun gyaɗa ne da za ka auna ni?"

Na ajiye huhun goron sunan da na riƙo. Na tuɓe rigar sama, na tuɓe ta biyu, ta uku ta bi su. Na warware rawani, na cire takalma. Na tsaya daga ni sai singileti da wando, tumbi a gaba, liman yana kallon ƙasa.

"To yanzu fa?"

"Kayan nan ai jirgin ne dai zai ɗauke su."

"Na bar su!"

Ya sake leƙa sikelin. "Ko ka bar su, ka yi nauyi."

Nan fa na hau sababi. Na ce a matsa mini, na ce ko kan kaya zan zauna, ɗana zan je wa suna. Wane irin abin hawa ne wannan da ba ya jin roƙo? Malamar ta hau sikeli ta sauka, ta ce mini, "Allah ya raya, Malam," ta wuce abinta. Na koma neman kujerata ta yamma, tuni wani ya samu.

Motar kaya na bi, muka kwana a hanya. Na isa Jos Laraba da azahar, an cinye rago, surukina kuma ya raɗa wa yaro nasa sunan da ya ga ban zo ba. Ya dube ni ya ce, "Ashe jirgin sama ma yana makara haka?"

Har gobe ina ganin an wulaƙanta ni. Amma tun daga ranar, in aka ce ga wurina, ko na yamma ne ko na jibi, ba na sakinsa sai na ga ina zaune a wani.