Zomon Yaran Kafilina

Shekara tara ina tuƙa kafilina, wato ubangidana Balarabe, lafiya, sai ranar da ya ce yana son ƙaramin kare don yaransa. Ba wanda ya tambaye ni, na ce, "Bar mini, jikan mafarauta ne ni."

A shagon sayar da karnuka na miƙa wa kowanne yatsa, na zaɓi wanda ya kawo mini cizo. Haka ake gane kare a garinmu.

Muna shiga gida karen ya hango zomon yaran. Tsalle biyu ya gama da shi. Yara na ihu, bakina ya suɓuce: "Masha Allah, kare ke nan!"

Kafili ya ce, "Halas, shi ke nan, kawo makullin mota."

Yanzu dako nake a sito. Kullum na dawo unguwarmu Bani Malik, 'yan ɗakinmu sai su ce, "Sarkin Baka, yau me aka kamo?"